Ciwon kafaɗa da sandarewar baya: miƙa a gida, gashin ƙashi, tausa, allura ko tiyata?

In kana cikin masu wannan matsalar ka san yadda take, hannu na ƙasa lafiya lau, ka fara ɗaga shi ta gefe ba komai, da ya kusa saitin kafaɗa sai kaji abu ya soke ka a saman damtse, in ka daure ka wuce wajen ka kai can sama sai ya ɗan lafa. Likitoci sun auna wajen, tsakanin digiri 60 zuwa 120 ne zafin yafi kamawa. Saka riga ya zama aiki, shanya a igiya ta zama aiki, mace ta zo ɗaura ɗankwali sai ta cije baki, da dare kuma kana juyawa ta ɓangaren ka farka. Kowa kuma da tasa shawarar, wannan yace kaje a yi maka ƙaho, wancan yace allura ɗaya ce ta raba shi da nasa, wani yace ai sai an yi aiki, ga kuma masu bidiyo a waya suna ta cewa matsalar ba a kafaɗa take ba a bayanka take. Toh bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, amma sai an fara fahimtar maganar gadon bayan nan tukuna don ita ce ke rikita mutane.

A saman kafaɗa akwai wani ƙashi da ya ɗan leƙo ya rufe gaɓar, ƙarƙashinsa kan ƙashin damtse ne, tsakaninsu ɗan fili ne da bai wuce kamar santimita 1 ba, kuma ta wannan ɗan filin jijiyar tsoka ke wucewa tare da wata 'yar jaka mai ruwa da ke rage gogayya. Tsokoki 4 ne ƙanana ke riƙe da kan ƙashin a gurbinsa. Wani likitan ƙashi a Amurka, Charles Neer, shi ne a 1972 ya yaɗa bayanin cewa ƙashin saman ne ke gugar jijiyar, daga nan aikin kankare ƙashin ya bazu a duniya. Yanzu likitoci da yawa sun ja baya da wannan bayanin, sunfi ganin jijiyar ce ta gaji don an ɗora mata abinda yafi ƙarfinta, ko ba zato, ko a hankali shekara da shekaru.

Shi kuma baya ina ya shigo? Hannu ba da gaɓar kafaɗa kaɗai yake tashi ba. Cikin digiri 180 da yake yi har ya kai kunne, kusan 120 ne na gaɓar, sauran 60 allon kafaɗa ne ke juyawa a kan haƙarƙari, kuma can wajen ƙarshe dole saman gadon baya ya ɗan miƙe. Sannan in ka taɓa tsayawa wajen mahauci kaga farin tantani mai kauri da yake ɗayewa a jikin naman gadon baya, wanda wuƙa ma sai da dabara take cinsa, toh irinsa ne shimfiɗe a ƙasan bayanmu, hawa-hawa, kowane hawa na zamewa a kan ɗan'uwansa in mun sunkuya ko mun juya. Tsoka mafi faɗi a baya, wadda ake kira latisimus, daga wannan tantanin ta taso da ƙashin ƙugu da ƙasan haƙarƙari, ta haura ta bi ta bayan hammata ta je ta manne a saman ƙashin damtse. Aikinta jan hannu ƙasa da baya da murɗa shi ciki, kaga kenan ɗaga hannu sama kishiyar aikinta ne, sai ta saki hannu zai tafi. Ka sa wani ya damƙe maka kaftani ta ƙugu ya ja ƙasa sannan ka gwada ɗaga hannu, yadda yadin zai riƙe ka ta hammata haka abin yake.

A 2011 wata mai bincike a jami'ar Bamont ta Amurka, Helene Langevin, ita da abokan aikinta sun duba mutum 121 da na'urar sikanin, suka ga masu daɗaɗɗen ciwon baya zamewar tantaninsu ta ragu da kusan kashi 20 cikin 100 in aka haɗa da marasa ciwo. Amma fa a lura, wannan kan ciwon ƙasan baya aka yi shi ba kafaɗa ba, masu tallan tausa ne ke jawo shi su manna a kafaɗa. Abinda ya tabbata shi ne in ka ranƙwafa hannunka baya kaiwa inda yake kaiwa in ka miƙe, wannan an auna an sake aunawa. Cewa sandarewar baya ita ce ke haddasa ciwon ga kowa kuwa ba haka bane, akwai tsofaffi masu doro da kafaɗarsu ƙalau, akwai kuma matasa miƙaƙƙu sambal da ciwon ya hana su barci.

Don haka kafin ka kashe ko sisi gwada kanka. Zauna a kujera ka saki jiki ka ranƙwafa yadda kake yi in kana latsa waya, ɗaga hannun ka lura inda zafin ya fara. Sai ka miƙe zaune ka ɗago ƙirji ka sake ɗagawa. In zafin ya ragu sosai ko hannun ya ƙara nisa, bayanka na da hannu a ciki. Na biyu, kwanta rigingine a tabarma ka tanƙwashe gwiwoyi ka manna ƙasan bayanka da ƙasa, sai ka kai hannaye biyu sama ta bayan kai babban yatsa na gaba. In hannu bai kusa ƙasa ba sai bayanka ya ɗago ya yi baka, ko gwiwar hannu ta buɗe gefe, latisimus ɗinka a ɗaure take. In duka biyun basu canza komai ba toh ka rage damuwa da maganar baya, naka a kafaɗar yake.

Akwai kuma waɗanda wannan kwatancen duk ba nasu bane, asibiti kawai. Wanda kafaɗar hagu ke masa ciwo tare da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi, wannan zuciya ake fara dubawa kuma ba a jira gobe. Wanda ya faɗi ko ya yi hatsarin mashin daga nan hannu ya ƙi tashi gaba ɗaya. Wanda wajen ya kumbura ya yi zafi ga zazzaɓi. Wanda yake jin mutuwar yatsu ko tsirawa har tafin hannu, sau da yawa wannan daga wuya ne. Mai sikila shima kar ya tsaya miƙa, don kan ƙashin damtse na iya mutuwa saboda jini baya isa wajen, sai an ɗauki hoto. Mai ciwon suga kuma da hannu ya ƙi juyawa ko wani ne ya kama ya juya masa, wannan daskarewar kafaɗa ce, wata cuta ce daban.

Ma'aunin da zan bi huɗu ne, kuɗin da za ka kashe, ko sauƙin na ɗorewa, wahalar yi da samu, sai haɗari. Zan kuma riƙa faɗin ko hanyar na taɓa bayan ko a'a.

Na farko motsa jiki a gida. Kuɗi kusan babu, tawul ne da gorar ruwa da robar ja, in ba ka samu ta kanti ba tsohon tiyub ɗin keke ka yanka ya yi. Kashi biyu ne kuma nan mutane ke kuskure su ɗauki ɗaya su bar ɗaya. Kashin sakin baya: ka durƙusa ka zauna kan dugaduganka ka miƙa hannaye gaba a ƙasa, sai ka ja su zuwa dama har kaji jan daga hammatar hagu zuwa ƙugu, ka tsaya daƙiƙa 30 kana numfashi sosai haƙarƙari na buɗewa, ka koma ɗaya ɓangaren. Ka naɗe tawul ya yi kauri ka kwanta a kai a gicciye daidai tsakanin allunan kafaɗa, hannu a ƙeya, ka bar ƙirji ya buɗe. Kashin ƙarfafawa kuwa shi ne ainihin maganin: ka kwanta ta gefen lafiya, gwiwar hannun mai ciwo manne da haƙarƙari a lanƙwashe, ka riƙe gorar ruwa ta rabin lita wadda nauyinta rabin kilo ne, ka ɗaga ta daga ciki zuwa sama a hankali ka sauke a hankali, 10 zuwa 15 sau 3. Ka ɗaura roba a ƙarfen taga ka ja ta zuwa ciki kana haɗe allunan kafaɗa. Duk sati ko biyu ka ƙara nauyi kaɗan. Ɗan zafi lokacin yi ba laifi bane in dai ya lafa kafin washegari, in ya hana ka barci ka yi yawa ka rage. Ɗorewa ita ce tafi kowa, matsalarta haƙuri, sai an yi kamar sati 12 kafin a yanke hukunci, mu kuma kwana 5 in bamu ga canji ba mun watsar. Haɗarinta ɗaya, ka yi wata uku kana maganin abinda ba shi ke damunka ba.

Na biyu gashin ƙashi, wato wajen fisiyo. Anan ne ake toshe wancan haɗarin, don shi zai kama hannun ya juya, ya gwada ƙarfin kowace tsoka, ya duba wuya, ya kalli yadda allon kafaɗarka ke tafiya ta baya wanda kai ba za ka iya gani ba. Manyan asibitoci irinsu asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya duk suna da sashen, akwai kuma masu zaman kansu a birane, wanda ke ƙauye kam kuɗin mota ma kaɗai abin lissafi ne. Abinda ke sa mutane gudu shi ne ace ka riƙa zuwa sau biyu ko uku a sati ana biya duk zuwa. Toh ga wani abu da zai rage maka nauyi, a 2021 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Ingila kan mutum 708 masu irin wannan ciwon, wasu aka basu zama har 6 da fisiyo, wasu zama 1 kacal aka koya musu motsin aka basu takarda da roba suka tafi gida, bayan shekara aka duba ba wani bambanci tsakaninsu. Ma'ana in aljihu ba nauyi kaje sau ɗaya ka faɗa masa gaskiya, yallaɓai ba zan iya zarya ba, a koya min abinda zan yi a gida in dawo bayan wata ɗaya ko biyu. Ka ɗauki bidiyon motsin da wayarka a gabansa. Ni inda nake da ƙorafi shi ne wuraren da za a kwantar da kai a kunna maka jar fitila a manna maka wayoyin lantarki minti 20 a sallame ka, kullum haka, ba wanda ya sa ka ɗaga ko cokali. Daɗi kam akwai, amma fitila bata ƙara wa jijiya ƙarfi, in sati uku suka wuce ba a baka motsi ba ka tambaya.

Na uku tausa da danginta, man zafi, ƙwallon tanis a jikin bango, ƙaho da hijama. Wannan ita tafi taɓa bayan kai tsaye kuma sauƙinta nan take ne, a murza maka gefen hammata da tsakanin alluna ka tashi kaji hannu ya ƙara nisa, ba ƙarya bane. Sai dai masu cewa suna warware tantanin da hannu sun yi zuƙu, tantanin nan yafi ƙarfin babban yatsan mutum, abinda ke faruwa jijiyoyin ji ne ke lafawa tsoka ta saki, shiyasa bayan awanni ko kwana biyu abu ke dawowa. Amfaninta shi ne ka yi ta kafin motsa jiki don ka samu ka yi motsin ba zafi. Kuɗi kaɗan ne a zama ɗaya amma da yake ana ta komawa yana taruwa. Hijama ba ita nake ja ba, wanda zai yi don sunna ya yi, amma kar a ɗauka ta isa ta gyara jijiyar da ta raunana, kuma dan Allah a tabbatar reza sabuwa ce a gabanka aka ɓare, ciwon hanta na B da C ta nan suke bi. Abinda zan hana kai tsaye shi ne a kai irin wannan kafaɗar wajen mai ɗori ya fizge ta wai ta goce, ko ya ɗaure ta sati biyu, kafaɗar da aka ɗaure daskarewa take.

Kafin allura bari in taɓo kemis a gurguje, don kusan kowa ta nan ya fara. Diclofenac da Ibuprofen suna rage zafi na 'yan kwanaki, amma shan su wata da watanni na cin ciki da ƙoda, mai olsa da mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su kiyaye, haɗin nan da ake ƙullawa a leda kuma ba ka san me ke ciki ba.

Na huɗu allurar sitiroyid a cikin kafaɗa. Ba ruwanta da baya, kumburi kawai take kwantarwa. A wancan gwajin na Ingila an haɗa da ita, waɗanda aka yi wa sun fi samun sauƙi a sati na 8, amma zuwa shekara duk an zama ɗaya. Kenan aron lokaci ce, ga wanda zafi ya hana barci ko ya hana shi fara motsin kwata-kwata tana da rana. Kuɗinta matsakaici, sau ɗaya ne, minti kaɗan an gama. Haɗarin, tana ɗaga suga na wasu kwanaki don haka mai suga ya faɗa tun kafin a zuƙo, yawan maimaita ta na raunana jijiyar shiyasa likitoci basa son jera ta, kuma in hannun da ba na likita ba ya yi ta a wajen da ba tsafta ƙwayar cuta ta shiga gaɓa, wannan yafi ciwon farko muni nesa ba kusa ba. Ba allurar da ake yi a kemis bace.

Na biyar tiyata, aikin kankare ƙashin nan ta ƙananan huji da kyamara. Ita tafi kowa tsada da nisa, ga hoton MRI kafin nan shima kuɗi ne, ga hutun sana'a na makonni, kuma bayan an gama gashin ƙashin da ka guje wa dai shi za ka koma. A 2018 an buga gwaji biyu da suka girgiza wannan aikin. Na Ingila mutum 313 ne a asibitoci 32, wasu aka kankare musu ƙashin, wasu aka sa musu kyamara kawai aka fito ba a kankare komai ba kuma basu sani ba, sakamako ya fito ɗaya. Na Finlan mutum 210, aka bi su shekara 2, shima haka. A 2019 wani kwamitin masana a mujallar BMJ ya bada shawara mai ƙarfi cewa a daina yin wannan aikin don irin wannan ciwon. Wannan fa banda wanda jijiyarsa ta tsinke gaba ɗaya sanadin faɗuwa, shi ɗinki za a yi masa, aiki ne daban kuma jinkiri na cutar da shi. Wani abu kuma, in hoto ya nuna 'yar yagewa kar hankalinka ya tashi, mutane da yawa da suka haura 60 suna da ita basu ma sani ba don bata musu ciwo.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin yi | Haɗari | Tana taɓa baya? |
|---|---|---|---|---|---|
| Motsi a gida | kusan babu | mai kyau in an kai sati 12 | sai haƙuri | kaɗan, sai dai kuskuren gane ciwon | eh |
| Gashin ƙashi | matsakaici, yana taruwa da zarya | mai kyau in da motsi a ciki | sai a birni | kaɗan | eh |
| Tausa, ƙaho, hijama | kaɗan duk zama | awanni zuwa kwanaki | ko'ina akwai | reza, fizga | eh, na ɗan lokaci |
| Allura | matsakaici | makonni | sau ɗaya, wajen likita | suga, jijiya, ƙwayar cuta | a'a |
| Tiyata | mai yawa sosai | bata fi aikin bogi ba a gwaji | wahala, hutun aiki | na allurar barci da na yanka, daskarewa | a'a |

Tela da direba da mai adaidaita da wanda ke wuni kan kwamfuta, in gwajin kujera ya rage maka zafi, motsin gida naka ne kuma ka bada ƙarfi wajen tawul da miƙar hammata, ka riƙa tashi daga kan keken ko sitiyari kana miƙewa, amma kar ka bar gorar ruwan. Mai fenti da mai filasta da mai ɗora kaya a mota, naku yawan aiki sama da kai ne, ba sai ka bar sana'a ba, ka hau benci ko tsani yadda aikin zai dawo saitin ƙirji, ka fi bada ƙarfi wajen ƙarfafawa, zama ɗaya da fisiyo zai biya kansa. Uwar gida mai daka da wanki da ɗaukar yaro, ki sauko da igiyar shanya ƙasa kaɗan, ki raba dakan ko a kai inji na ɗan lokaci, ki yi motsin bayan asuba kafin gida ya tashi, in akwai mai murza miki baya da man zafi kafin nan ya yi. Wanda zafi ya hana barci sati da satittika har ba ya iya fara komai, yaje wajen likitan ƙashi a duba yiwuwar allura ɗaya, ya fara motsin cikin satin da zafin ya lafa. Mai suga da mai sikila da wanda ya haura 60 hannu kuma ba ƙarfi, likita tukuna kafin komai. Wanda kuma aka ce masa sai tiyata alhali bai faɗi ba, bai kuma taɓa yin wata 3 na motsi na gaske ba, ya tambayi likitan wane aiki ne takamaimai, ɗinkin jijiya ne ko kankare ƙashi, in kankarewa ce ya nemi a tura shi sashen gashin ƙashi tukuna.